Wanda Ya Gyara Motar Ankul Selvam

Duk kun taso da labarin nan. Da an zauna hira an taɓo zamanmu na Maleshiya, sai ɗayanku ya ce ai a can ne Abba ya gyara tsohuwar motar Amurka da ta gagari makanikai uku. Ke Hafsa har a gaban ƙawayenki na ji kina cewa hannun da kike da shi a kan ƙarfe daga wurinsa kika gada. Ina ji, ina yin shiru. Yanzu shekara guda ke nan da rasuwarsa, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini gardama, ba na so in bar muku labarin a karkace. Abbanku bai gyara motar nan ba. Allah Ya jiƙansa, mutum ne da ko ƙwan fitila ne ya mutu a ɗaki sai ya ƙwala mini kira. Ni na gyara ta.

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane. Kakanku na wajena, Alhaji Ɗanladi, bakanike ne a Ƙofar Ruwa, kuma giyar mota ce fanninsa. Mu biyar mata aka jera masa kafin a sami namiji, ni ce ta uku. Ni ake aika wa da abincinsa na rana, in na kai kuma ba na dawowa sai la'asar. Da farko wankin kusoshi a kwanon kananzir yake ba ni don in bar shi ya yi aiki, daga baya ya ga ina tambaya, ya fara amsawa. Ina da shekara goma sha biyu na san cikin giyar Fijo kamar yadda na san ɗakin Inna. Ina sha uku Inna ta ce ya isa haka, farcena ya yi baƙi, maƙwabta sun fara magana. Baba bai ja da ita ba. Ya dai ce da ni:

"Rakiya, abin da hannu ya koya yana nan. Ki tafi ki yi karatunki."

Shekararmu ta biyu a Kuala Lumpur Baba ya rasu. Muna zaune a Sentul, hawa na tara a wani dogon bene, Abbanku kullum ya bi jirgin ƙasa zuwa jami'a a Lembah Pantai inda yake digirinsa na uku a kan tattalin arziki. Hafsa tana da shekara huɗu, Nasiru yana wata uku, kai Umar ba a ma yi zancenka ba. Kafin wayar ta iso mu har an kai Baba makwancinsa. Ban je gida ba, don fasfon jariri bai fito ba. Matan 'yan'uwanmu ɗalibai suka zo suka yi mini kwana uku, suka koma gidajensu, ni kuwa na rufe ƙofa. Kusan wata biyu ban sauka ƙasa ba. In yi girki, in yi wanki, in tsaya a taga ina kallon ruwan saman da yake sauka kowace la'asar kamar an sa masa agogo. Abbanku yakan yo mana tapau, wato abincin da ake ƙunsowa daga shago, ya ajiye, ya zauna yana kallona.

Ranar da na fara sauka, Hafsa ce ta matsa sai an kai ta ta yi wasa. A ƙasan benen akwai wurin ajiye motoci, can a kusurwa kuma akwai wata doguwar mota da kullum take lulluɓe da tamfol. Ranar sai na tarar an yaye ta. Koriya ce mai duhu, ƙofa biyu, bonet ɗinta ya kai tsawon gado, kuma abin da ya fara tsayar da ni shi ne sitiyarinta a hagu yake irin na gida, alhali duk motocin garin a dama nasu yake. Sannan warin ya iso ni. Man giya irin na motar da take canza giya da kanta ja ne, yana da wani ɗan wari mai zaƙi-zaƙi da ba ya kama da na baƙin mai. Rabona da shi tun garejin Baba. Na tsaya da goyo a bayana ina shaƙar warin.

Mai motar yana zaune a kan wata kujerar roba kusa da ita, riƙe da takarda. Tsoho ne ɗan asalin Indiya, siriri, gashinsa fari fat, maƙwabcinmu na hawa na bakwai. Kowa Ankul Selvam yake ce masa. A ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa ta Sentul ya yi aiki har ya yi ritaya, da aka rushe gidajen ma'aikata aka dawo da shi benen. Matarsa ta rasu, ɗansa guda yana Singafo. Motar kuwa ya saye ta tun yana saurayi a hannun wani Ba'amurke ma'aikacin kamfanin mai da zai koma ƙasarsu. Muka gaisa da ɗan Turancina da guntun Malayancin da na tsinta a kasuwa, ya nuna mini takardar. Masu kula da benen ne suka rubuto. Man da motar take zubarwa ya ɓata daɓe, har wata tsohuwa ta zame ta faɗi, sun ba shi wata guda ya gyara ko ya fitar da ita. Ɗansa kuma har ya samo wanda zai saye ta ya farfasa ya sayar da kayan.

"Makanikai uku," in ji shi, yana ɗaga yatsu. "Kowa ya zo ya canza gasket ɗin kwanon ƙasa. Kwana huɗu, ta dawo da yoyo. Da ni ne da kaina, amma bayana ba ya lanƙwasuwa, idona ma ba ya gani."

Takalmin Hafsa ya fice ya shige ƙarƙashin motar, na durƙusa in ɗauko. Da na ɗaga kai na ga kwanon da ke rufe ƙasan giyar jiƙe sharkaf, amma jiƙewar ba daga bakinsa ta fara ba, inda gasket ɗin yake, wato shimfiɗar da ke hana yoyo, gefen giyar ma ta sama da shi yana ƙyalli. Mai ba ya hawa sama. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba.

"Ankul, ba gasket ba ne."

Ya daɗe yana dubana. Bai yi dariya ba, bai kuma tambaye ni inda na sani ba. Cewa ya yi, "Boleh?" Da Malayanci, za ki iya ke nan. Na ce sai na yi magana da maigidana.

Muna cin abincin magariba na faɗa wa Abbanku. Da farko ya ɗauka wasa nake, ya yi dariya har ya ƙware. Ni kuwa na ci gaba da bayani, ina zana masa giyar da yatsa a kan tabarma, ina nuna masa inda nake zargi. Can na lura ya daina cin abinci, kallona kawai yake.

"Maman Hafsa, tun rasuwar Baba ban ji kin yi magana mai tsawon wannan ba."

"To me ka ce, Malam?"

"Ranar Asabar ni zan riƙe yara."

Asabar da hantsi na sa tsohon wandon Abbanku da wata doguwar riga, na ɗaura ƙaramin hijabi na tura shi cikin wuyan rigar. Ankul yana da kayan aiki cikakku a akwatin ƙarfe, sifanoninsa duk a goge kamar cokulan amarya. Muka ɗaga motar da jak, muka tokare ta da ƙarafa huɗu, na girgiza ta da kyau na tabbatar ta zauna kafin in shiga. Ranar ban kwance ko kusa ɗaya ba. Haka Baba ya koya mini, kada in taɓa kwance abin da ban ga laifinsa da idona ba. Na wanke giyar tas da kananzir da buroshi, na goge da tsumma, na jira ta bushe. Sannan na aika Abbanku sama ya ɗauko mini hodar Nasiru. Na barbaɗe giyar da ita ko'ina har ta yi fari, na shimfiɗa farin kwali a ƙasa. Ankul ya tada injin. Ƙarar ta cika wurin, wata irin gurnani mai nauyi da mutum yake ji a ƙirjinsa, har Nasiru ya farka a kafaɗar Abbanku. Ankul ya taka birki ya zagaya da giyar ɗaya bayan ɗaya, mai ya yi ɗumi, ya kashe. Na ce kada kowa ya taɓa ta sai bayan kwana uku. Irin waɗannan motoci in sun daɗe a tsaye, man da ke can gaba yana gangarowa ya taru a ƙasa har ya haura inda ya saba tsayawa, duk wata tsohuwar roba da ya samu ta nan zai fita. Shi ya sa makanikan suke tafiya a kan ta gyaru, bayan kwana huɗu ta ƙaryata su.

Ranar Talata da safe na sauka da tocila. A kan farar hodar ga jajayen layuka biyu, a fili kamar an zana da biro. Ɗaya ya taso daga inda bututun gejin mai yake shiga jikin giyar, ɗayan siriri daga wurin ƙaramin ƙarfen da sandar giya take juyawa. Duka biyun sun gangaro sun bi bakin kwanon sun zagaye shi, wanda duk ya leƙa a gurguje sai ya rantse gasket ne. Bakin kwanon kuma ya lotsa a wurin kowace kusa, saboda kowane bakanike ya zo sai ya ƙara ɗaure shi da ƙarfi fiye da na baya. Na fito na zana wa Ankul a bayan takardar masu benen. Ya sa tabarau ya duba, ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce akwai wani abokinsa Basine, Mista Lim, mai garejin tsofaffin motoci, ba ya yar da komai. Washegari Ankul ya dawo da sabon gasket da wasu robobi biyu a leda, babbar cikinsu ba ta fi zobe ba. Saboda su ne za a farfasa motar.

Asabar ta biyu ita ce ta aikin. Na tsiyaye man a roba, na sauke kwanon, na ɗora bakinsa a kan katako na bi shi da ƙaramar guduma a hankali har ya miƙe. Robar bututun ba ta ba ni wahala ba, ta bushe ta zama kamar ƙashi, da na taɓa ta sai ta karye. Ta wurin sandar giyar ce ta kusa sa ni in haƙura. Wurin matsattse ne, salansa ta tare hanya, hannuna ɗaya ne kawai yake shiga. Na fi awa guda ina fama, gumi yana shiga idona, ƙarfe ya yanke ni a bayan hannu. Raina ya ɓaci na fara finciko ta da ƙarfi, sai na ji muryar Baba a kunnena, yadda yake faɗa in ya ga na fusata, in ajiye sifana in ƙirga ashirin. Na ajiye. A nan, kwance a kan kwali, ƙarƙashin motar wani tsohon Ba'indiye, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka bugo waya. Ba wanda yake ganin fuskata. Abbanku dai ya ga ƙafafuna sun daina motsi, ya durƙuso ya ce, "Lafiya?" Na ce ya miƙo mini ƙaramin sukundireba. Da na koma a natse, sau biyu na taɓa ta ta fito. Na shafa wa sabuwar mai na zaunar da ita, na mayar da kwanon, na bi kusoshin ina tsallakawa, wannan gefe sannan wancan, ina ɗaurewa daidai inda hannu yake jin sun zauna, ba ƙari.

Saura kusoshi biyu in gama ɗaurewa na ji Abbanku yana amsa sallama. Malam Habu ne, shugaban ƙungiyar ɗalibanmu, mutumin kirki amma abin da ya gani da safe kafin azahar ya kai Kano. Ya hau sama bai same mu ba, aka ce masa muna ƙasa. Na sulale ta ɗaya gefen motar, na zura dogon hijabina da ke rataye a madubi, na karɓi Nasiru, na danƙa wa Abbanku sifana, har na goga masa mai a hannu da gaban riga. Duk wannan kafin Malam Habu ya zagayo ginshiƙi.

"Malam Mukhtar, ashe har da kanikanci a cikin tattalin arzikin?"

Abbanku ya buɗe baki, ya dube ni. Na riga shi.

"Ai tun safe yake ƙarƙashinta," na ce.

Ku lura da kyau, daga bakina ƙaryar ta fito. Malam Habu ya ciro kyamara ya ɗauki hoton nan da ke falo, Abbanku riƙe da sifana yana murmushin dole. Ankul bai ji Hausa ba, amma ya gane komai. Ya juya yana goge kayan aikinsa. Sai da baƙon ya tafi na koma na ƙarasa kusoshin biyu, muka zuba sabon mai.

Sati guda farin kwalin yana ƙarƙashinta, ko ɗigo. Ankul ya kira mai kula da benen ya nuna masa, ya kuma buga wa ɗansa ya ce a sallami mai sayen. Ranar Lahadi da sassafe ya ƙwanƙwasa mana ƙofa sanye da farar riga a goge, ya ce mu fito. Ni ya sa a gaba, Abbanku da ku a baya. Muka bi ta tsohuwar ma'aikatar jiragen, yana nuna mana inda gidansu yake a da, yanzu katangar wani sabon bene ce. Muka gangara har Jalan Masjid India, masu shagunan yadi suna buɗewa, suna tsayawa da sandar ɗaga ƙofa a hannu suna bin mu da kallo. Duk sanda giyar ta canza sai ya ɗaga yatsa ya dube ni, ni ma in gyaɗa kai, don santsi take shiga ba ko tsalle. Muka tsaya a shagon mamak, Indiyawa Musulmi masu sayar da shayi, ya saya mana shayi mai kumfa da gurasarsu mai laushi. Na daɗe ban ji daɗin abinci kamar na safiyar nan ba.

Bayan kwana kaɗan Mista Lim ya zo da kansa. Gajere ne mai ƙiba, bai ko gaisa sosai ba ya kwanta ya leƙa ƙasan motar, ya shafa bakin kwanon da yatsa, ya ga ragowar hoda. Ya tashi ya miƙa wa Abbanku hannu. Ankul ya girgiza kai ya nuna ni. Mutumin ya dube ni sama da ƙasa, sannan ya ce yana da tsofaffin motoci tara a garejinsa, yaran yanzu kuma sai na'ura ta faɗa musu ciwon mota. In ina so in riƙa zuwa safiya uku a sati, zai koya mini abin da ban sani ba, maganar takardun izinin aiki kuma ya san yadda ake bi. Matarsa tana gida a bayan garejin, za ta riƙe mini yara.

Da muka hau sama Abbanku ya zaunar da ni.

"Ki je, Rakiya. Ni zan sami Habu in gaya masa gaskiya. Su yi surutunsu, wata biyu sun gaji."

"Inna fa? Tana cikin takaba a ce mata 'yarta tana kwanciya ƙarƙashin motoci a ƙasar wasu?"

"Inna zan yi mata bayani."

"Ba zan je ba, Malam. Kuma ka yi mini alkawari maganar nan ba za ta fita daga bakinka ba."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata. Ya ce to ya yi alkawari, bakinsa ba zai faɗa ba.

Ban tabbata ba. Da Inna na fake, amma tsoro ne nawa na kaina, tsoron yadda matan ɗalibai za su dube ni a wurin suna da walima. Ba wanda ya hana ni, ina so ku riƙe wannan. Sauran shekara biyun da muka yi a garin, duk sanda bas ta bi da ni ta gaban garejin Mista Lim sai in kawar da kai. Ankul bai sake tayar da maganar ba, sai dai in zai duba mai ya aiko a kira ni in tsaya kusa. Ranar da za mu taho ya kai mu tashar jirgi a motar, daga nan ban sake ganinsa ba, ban kuma san inda take ba yanzu. Abbanku kuwa ya sha wahalar alkawarin nan. A can ɗalibai suka riƙa kawo masa motoci yana cewa karatu ya yi masa yawa. Da muka dawo Kano labarin ya riga mu isowa, abokan aikinsa suna tsayar da shi a jami'a ya saurari ƙarar injinsu, ya dawo gida ya kwaikwaya mini ƙarar da baki, in gaya masa abin da zai ce musu gobe. Muna dariya, amma na san ba ya so. Ni kuma tun daga ranar ban sake shiga ƙarƙashin mota ba, shekara ashirin da wani abu. Ba na cewa rayuwata ta ɓaci, na raine ku, na koyar a firamare har na yi ritaya, alhamdu lillahi. Sai dai akwai abu ɗaya da na iya fiye da komai, sau ɗaya na yi shi da girmana.

Watan jiya nake kwashe littattafansa zan ba ɗakin karatu na sashensu. Na ɗauko kundin digirinsa, baƙin nan mai rubutun zinare da ya shekara da shekaru a saman kabad. Ban taɓa buɗe shi ba, me zan gane a lissafin tattalin arziki. Ina kaɗe ƙura ya buɗe a shafin godiya. Ya gode wa malamansa, da hukumar da ta ɗauki nauyinsa, da iyayensa, duk da Turanci. Layin ƙarshe shi kaɗai ya rubuta da Hausa, inda ya san malaman can ba za su gane ba, mutanen gida kuma ba za su buɗe ba. Ga abin da ya ce: "Ga matata Rakiya, 'yar Alhaji Ɗanladi bakanike, wadda ta gyara motar da ake cewa ni na gyara."

Na zauna a bakin gado da littafin a cinyata har aka kira azahar. Bakinsa bai faɗa ba, kamar yadda ya yi alkawari. Sauran littattafan na ba da su. Wannan yana nan a ɗakina, shafi na huɗu, duk wanda ya zo a cikinku ya karanta da idonsa.